Takalman Malam Jumare a Filin Zariya

Mamuda ba ya barin ƙofar gidansa da safe sai ya duƙa ya tsinki 'yar ciyawa, ya murza ta a yatsu, ya sake ta sama. Sai ya tsaya ya ga inda ta faɗi, sannan ya kama hanya. Ko masallaci za shi haka yake yi, ko fadama, ko gaisuwar rasuwa. Da rani, in ciyawa ta ƙare, ɗan ƙaiƙayi ya ishe shi. Mu mutanen Kudan mun daɗe da daina tambaya. Baƙo ne kan ɗauka wani asiri ne, mu kuwa mun san iska yake dubawa, ko da yake ba abin da zai yi da ita.

A Zariya ya samo wannan hali. Shekarar da fara ta cinye dawa ya tafi cin rani, yana saurayi, bai dawo zama ba sai bayan shekara ashirin da biyu. Aikin da ya samu a filin wasan Turawa ne, wanda suke kira golf, mu muke ce masa ƙwallon rami. 'Yar farar ƙwallo ce da ba ta kai ƙwan kaza ba, a doke ta da sanda mai lanƙwasasshen kai, a bi ta, a sake dukanta, har ta faɗa wani ɗan rami can nesa. Mamuda jakar sandunan yake ɗauka, ya bi mai wasa, ya gano masa inda ƙwallo ta faɗi. Masu ɗaukar jaka ba sa bugawa a filin. Amma ba wanda ya hana su kallo, kuma Mamuda ya yi kallo. An ce har ya kai in ya juya baya ya ji ƙarar bugu, sai ya faɗi inda za a je a nemo ƙwallon.

Da mahaifinsa ya rasu ya dawo ya karɓi fadamar gidansu. Ya zo da akwatin kwano, da tsohuwar sanda guda da aka ɗaure mariƙinta da fata, da ƙwallaye biyar da wani Bature ya bar masa. Ya sa su ƙarƙashin gado. Ya noma rakensa, ya aurar da 'ya'yansa mata uku, ya zauna da matarsa Huseina lafiya. Gonata tana kusa da tasa, na kuma yi shekaru ina jin gyaran muryarsa ta cikin rake, amma labarin Zariya sai an ja shi sosai yake ba da kaɗan.

Ta ɗaya gefen fadamar akwai Malam Jumare, sa'ansa, Bafillace mai shanu da rake da injin mazarƙwaila irin wanda doki ke juyawa. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Jumare na ce masa Na Bariki, shi kuma yana ce masa Ɗan Fillo. Jumare 'ya ɗaya Allah ya bar masa, Sabuwa, wadda ya aurar wa Malam Tukur, wani dogon mutum ɗan Paki da ke aikin malamin gona a Makarfi. Makarfi ba nisa, saboda haka duk mako Sabuwa kan leƙo gida, ko ta aiko da tuwo. Tsohon ba ya faɗa, amma kowa ya san ranar da yake sa a share masa zaure.

Wajen shekara biyu kafin a sami mulkin kai, Turawa suka fara gayyatar ma'aikata 'yan ƙasa zuwa kulob ɗinsu na Zariya. Baturen gona, shugaban Tukur, ya ba shi aron sanduna ya ce ya zo ranar Asabar. Tukur ya je. Aka dasa masa ƙwallo a gaban jama'a, ya ɗaga sanda ya kawo duka, ya sami iska. Ya sake, ya sami iska. Na uku ya tono ƙasa kamar mai haƙar rogo, ƙwallo ta gangara taku huɗu ta tsaya. Ba wanda ya yi dariya. Daga baya ya gaya mini da ma sun yi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne masu ɗaukar jaka, Hausawa 'yan'uwansa, da suka juya fuska suna kallon itatuwa.

Baturen ya dafa shi ya ce ba komai, ya dawo bayan mako shida, ranar da ma'aikatan lardi duka za su yi wasa. Tukur ya ce to. Amma da ya koma gida ya ce wa Sabuwa in haka ta sake faruwa ba zai iya haɗa ido da kowa a ofis ba, zai rubuta takarda a mai da shi wani lardi, ko Adamawa ne. Tukur kuwa ba mai faɗar abin da ba zai yi ba ne.

Sabuwa ba ta gaya wa mahaifinta ba. Wurin Huseina ta je, suka yi tsinkar zogale tare, ta koma. Ranar Lahadi sai ga Tukur a kan keke, da jakar sanduna ɗaure a baya, yana sallama a ƙofar Mamuda.

Suka gaisa, suka tambayi gida da aiki da gajiya da mutanen Makarfi. Tukur ya yi ta kewaye-kewaye. Mamuda ya dubi jakar ya ce, "Malam, waɗannan kuwa na auna gona ne?"

"Baba, ka san ko na mene ne."

"Na taɓa ganin irinsu."

"An ce ka iya."

"Wa ya ce? Ni ɗauka na iya. Amma mu je bayan gari ka nuna mini yadda ake yi."

Akwai wani fako a bayan gari, gefen hanyar da ke zuwa kasuwar Hunkuyi. Nan suka fara. Mamuda bai fito da fararen ƙwallayensa ba, ƙwallon goriba ya tara cikin kwando, ya ce su ba sa jin haushi in an ɓatar da su. Ranar farko ya zauna a kan dutse, Tukur ya yi ta duka har rigarsa ta jiƙe. Da za su tashi ya ce, "Malam, ka taɓa tatsar saniya?"

"Na taɓa, ina yaro."

"Da haka ka matse ta?"

Tukur ya dubi hannunsa, jijiyoyi duk sun tashi. Ya sassauta.

Mako na biyu Mamuda ya ce yau ba fako, yana da saran rake kuma bayansa na ciwo. Ya miƙa wa malamin gona adda. Masu aiki suka tsaya suna kallon mai zuwa da littafi yana koya musu tazarar shuka, yau ga shi ya naɗe wando. Wani ya ce, "Malam, a wane shafi aka rubuta wannan?" Tukur ya yi dariya ya ci gaba. Da hannu yake sara, kafin ya gama layi ɗaya ya gaji. Mamuda ya karɓa ya sari guda uku, a hankali, ƙafafunsa a kafe, ƙugunsa na juyawa, addar na bin sa a baya kamar ba ruwanta. Ya mayar masa. Kafin la'asar Tukur ya gane cewa ƙugu ke sara, hannu rakiya yake yi. Mamuda kuma ya sami saran rabin gona, bai kuma ɓoye jin daɗinsa ba.

Riƙo ya gyaru, juyi ya gyaru. Abu ɗaya ya ƙi. Duk sanda sandar ta kusa ƙwallo, sai Tukur ya ɗago kai. In kai ya tashi, kafaɗa ta bi shi, sanda ta wuce ta saman ƙwallo. Laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. A filin Zariya in mutum zai buga kowa shiru yake yi. A nan kuwa wa zai ga mutum yana gumi ya wuce shi? Mai jaki ya ce sannu da aiki, Malam. Mai tallan nono ta ce sannu da ƙoƙari. Tukur ɗan mutunci ne, ba a gaishe shi ya amsa da ƙeya. Har ya zama ko ba kowa a hanya, kansa na tashi neman wanda ke kallonsa.

Mamuda ba mutumin da zai ce wa malami ka yi kuskure ba ne. Ya ce, "Malam, ƙwallon tana ƙasa."

"Na sani, Baba."

"To."

Ya sake bugu, ya sami iska.

"Har yanzu tana ƙasa."

"Wallahi, Baba, ban ɗaga kai ba."

"A'a, ban ce ka ɗaga ba. Wataƙila ita ce ta sunkuya."

Haka aka ci mako huɗu. Tukur ya fara rama. Sabuwa ta gaya wa Huseina ta ga ya sayo takarda da ambulan ya ajiye a kan tebur.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko, Tukur ya tsaya gaida surukinsa a ƙofar masallaci. Ina wurin, Mamuda ma yana wurin. Tukur ya cire takalmi, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa. Jumare mai dogon gaisuwa ne, sai ya tambayi kowa har kaji. Ana cikin haka jakin wani ya tsinke ya ratsa taron da gudu, yara na ihu, tire na goro ya kife. Kowa ya waiwaya. Tukur ko motsi kansa bai yi ba, yana ta lafiya lau, Baba, lafiya lau. Na ga Mamuda ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya duƙa ya tsinki ciyawa, alhali ba safiya ba ce.

Washegari na hango su biyu, shi da Jumare, a gindin mangwaron da ke bakin fadama, inda ake dafa mazarƙwaila. Sun daɗe. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ga Jumare yana ta kallon hanyar Makarfi.

Ran Lahadi Mamuda ya ce wa Tukur fako ya yi tauri, yau bakin fadama za su. Suna zagayo rake sai ga Malam Jumare zaune a kan buzu, doki na juya inji a bayansa, ruwan rake na tafasa. Tukur ya tsaya cak. Ya yi ƙoƙarin ɓoye jakar a bayansa, jakar da ta kusa kai shi tsawo. Ya cire takalmi ya durƙusa.

Da aka gama gaisuwa Jumare ya ce, "Ku yi aikinku, Malam. Ni tukunyata nake tsaro."

Tukur ya matso kusa da Mamuda ya yi ƙasa da murya. "Baba, a gabansa? Wasa?"

"Wa? Wannan tsohon? Ai ba ya gani sosai."

"Ina gani, Na Bariki," in ji Jumare. "Har furfurar da ke cikin kunnenka ina gani."

"To ka ga abin da bai shafe ka ba. Matsa da buzunka nan, Ɗan Fillo, hayaƙi na damunka."

Ba hayaƙin da ke damunsa, amma ya matsa. Inda Mamuda ya nuna masa kuwa gaba ne kaɗan ta hagu, daidai inda idon mai bugu zai fara sauka in ya ɗago.

"In ya fasa mini kai fa?"

"Sai mu ga ko akwai wani abu a ciki."

Mamuda ya sa hannu a aljihu ya fito da farar ƙwallo, karo na farko. Ya tara 'yar ƙasa ya ɗora ta. Tukur ba shi da hanyar gudu. Tafiya rashin kunya ce, tunda an ce ya yi aikinsa. Ya tsaya, ya riƙe sanda, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya juya, ya sauko.

Ƙarar daban ce. Har dokin ya ɗaga kunne. Ƙwallon ta tashi ta bi saman raken Jumare, ta wuce nawa, ta ƙetare rafi. Masu dafa mazarƙwaila suka saki ludayi suna salati. Tukur kuwa yana nan sunkuye, yana kallon ɗan tudun ƙasar da babu komai a kansa.

"Baba, ina ta yi?" ya tambaya a hankali.

"Wannan ba aikinka ba ne, Malam. Aikin mai ɗaukar jaka ne."

"Ta wuce kukar Sama'ila," in ji Jumare. "Ni da ba na gani."

Ya buga sauran huɗun, uku suka tashi. Muka yi yamma muna neman su cikin ciyawa, manya da mu, ɗaya ba a gan ta ba sai da shekara ta zagayo aka yi huɗa. Da za su rabu Tukur ya ce, "Baba, na gane. Amma shi ba zai je Zariya ba."

"Ba zai je ba," in ji Mamuda. "Ko ya je ba za su bar shi ya shimfiɗa buzu ba."

Abin da ya faru a Zariya daga bakin Tukur na ji, shekaru bayan haka. Ya ce Mamuda ya nemi ya bi shi ya ɗaukar masa jaka. Tukur ya ƙi, ya ce ba zai yiwu dattijo ya ɗauki kayansa ba. Mamuda ya ce shekara ashirin da biyu ya ɗauka wa waɗanda bai san iyayensu ba. Suka hau motar auduga tun da sassafe. Tukur ya lura tsohon na ɗan ɗingishi, ya tambaya, ya ce sanyin fadama ne.

A filin, tsofaffin masu ɗaukar jaka suka gane Mamuda, aka yi ta rungume-rungume da tambayar waɗanda suka mutu. Sannan aka kira sunan Tukur. Turawa da matansu suna tsaye, da akawuna, da malaman asibiti. Aka yi shiru irin nasu. Tukur ya ce ya ji wuyansa na son tashi tun bai ɗaga sanda ba, kamar ana jan sa da igiya.

Mamuda ya saki ciyawa ya ga inda ta faɗi. Ya zaro sanda ya miƙa masa, ya koma ya tsaya a gabansa, ɗan nesa kaɗan, inda masu jaka ke tsayawa. Ya ɗan tattare bakin wandonsa.

Tukur ya sunkuya kan ƙwallo. Can gefen idonsa sai ya ga takalma. Jan fata ne, an yi wa na dama faci da baƙin zare a wajen babban yatsa. Shekara shida yana durƙusawa gaban waɗannan takalma. Ya ce in aka ce ya zana fuskar surukinsa ba lalle ya iya ba, amma wannan facin ya san ɗinki nawa ne a jikinsa.

Ya buga. Bai ga tashinta ba. Ya dai ji wani daga cikin masu jaka ya ce madalla da ƙarfi, abin da ba a yi a wurin, wani kuma ya ce masa ya yi shiru.

Ba wai ya ci wasan ba ne. Cikin mutum goma sha takwas shi ne na goma sha biyar, ya kuma jefa ƙwallo biyu cikin rafi. Amma ba sau ɗaya ya sami iska ba. Mamuda ya bi shi rami tara da takalman da suka yi masa kaɗan, ya dawo Kudan da bororo a dunduniya biyu. Jumare ya karɓi kayansa ya juya su ya ce an buɗa masa su, ƙafar Bahaushe kamar faranti. Mamuda ya ce a gode Allah da suka ga Zariya, tunda mai su bai taɓa wuce Hunkuyi ba. Ambulan ɗin nan kuwa, Sabuwa ta ce daga baya irin tumatir aka zuba a ciki. Ta ci gaba da zuwa duk mako, ana share zaure.

Tukur bai daina zuwa ran Lahadi ba. Wani lokaci su yi bugu, wani lokaci su sha rake kawai. Mamuda ya ce saura abu ɗaya. Ƙwallon Tukur takan tashi lafiya, sai can ta karkata dama. Ya ce sandunan aron an yi su ne don gajeren mutum, shi ya sa Tukur ke ɗage kafaɗa kamar mai gyara hannun babbar riga. Sai an sami wadda ta kai tsawonsa. Ya auna shi da igiya daga ƙasa zuwa wuyan hannu, ya ƙulla. Ya je daji ya zaɓo reshen marke miƙaƙƙe, ya ajiye shi a inuwa ya bushe, ya ce kan tsohuwar sandarsa zai cire ya sa mata.

Da yamma yakan zauna a zaure da 'yar wuƙa yana fere shi kaɗan-kaɗan, yana ɗagawa ya duba da ido ɗaya. Tukur ya ce za a iya aikowa da doguwa daga Kaduna. Mamuda ya ce a bari ya gama wannan tukuna, ba sauri.

Da damina ta tsaya zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida, rana ta bakwai aka kai shi makwancinsa. Bayan sadakar uku Huseina ta aiko wa Tukur da abin da ta samu a zaure. Reshen marke ne, an fere shi sumul daga sama har wajen rabi, daga nan zuwa ƙasa ɓawonsa na nan. Igiyar awon tana naɗe a jikinsa, da ƙullinta. Kan tsohuwar sandar yana cikin wani ƙyalle, an riga an cire shi, an goge.

Tukur ya yi wasa har ya tsufa, ƙwallonsa tana karkata dama. Reshen yana jingine a kusurwar ɗakinsa a Makarfi. Masassaƙa biyu sun ce za su ƙarasa masa. Ya ce to, sai wani lokaci.